Maginin Rumbu da Ranar Shan Iska

Akwai wani mutum a wani ƙauye, maginin rumbu ne. Ya gaji sana'ar a wurin ubansa, uban kuma a wurin nasa uban. In ya gina maka rumbu, gara ba ta samun hanya, ɓera kuwa sai dai ya zagaya ya koma inda ya fito. Saboda haka mutane suka bar kiransa da sunansa, yaro da babba kowa Magini yake ce masa.

To, ginin rumbun ƙasa yana da ƙa'idarsa, wadda wayon mutum bai isa ya tsallake ba. Ana jera duwatsu, a shimfiɗa itace a kansu, a kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo. Sa'an nan magini ya ɗora zagaye ɗaya na bango, ya shafe shi da tafin hannu, ya sauka. Washegari ba a taɓa bangon. Sai an bar wannan zagaye ya yi ƙarfin da zai ɗauki na bisansa, gama in aka ɗora ɗanye a kan ɗanye, bangon zai yi ciki ya zube. Mutanen ƙauyen suna kiran wannan rana ta jira ranar shan iska.

Uban mutumin nan, a zamaninsa, rumbu ɗaya yake kamawa a lokaci guda. Ranar shan iska sai ya tafi gidan da yake ginin, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya yi hira da masu gida, ya dubi bangonsa, ya yi gyangyaɗi. Ɗan ya taso yana kallon wannan, abin kuwa yana ba shi kunya. Ƙato da ƙarfinsa, rana tsaka, yana kwance yana gadin laka! Ya ƙudura a ransa cewa in aikin ya zo hannunsa ba za a gan shi a kan tabarma ba.

Da uban ya rasu, sai ɗan ya yi wata dabara wadda a ganinsa kakanninsa duka ba su yi tunaninta ba. Ya ce a ransa, "Tun da rumbun wane yana shan iska yau, me zai hana in je in ɗora na wane? Gobe in dawo nan, wancan kuma ya sha tasa iskar." Ya gwada, abin ya yi. Rumbu biyu suka tashi a lokacin da a da ake gina ɗaya. Mutane suka yi ta yabo, suna cewa yaron nan ya fi ubansa zafin nama, yabon kuwa ya yi masa daɗi, don shi ma kunne gare shi. Sai ya lura zagaye ɗaya ba ya cin yini guda, ya raba yinin, safe a gidan wannan, yamma a gidan wancan. Daga nan duk wanda ya yi sallama a ƙofarsa ya ce, "Magini, a taimaka," amsarsa ɗaya ce: "Ba komai, zan zo."

Kada a ce kwaɗayi ne. Da yawa daga cikin waɗanda yake yi wa aikin, godiya ce kaɗai suke da ita, ita kuma yake karɓa. Bakinsa ne dai bai iya furta a'a ba, zama kuma yana yi masa kama da zunubi. Da damina yana gonarsa, ruwa na ɗaukewa ya kama gini, da rani kuma yana bin gidaje yana toshe tsaga da gyaran jinka. Ran Lahadi yakan je sujada, jikinsa a kan benci, hankalinsa a kan bangon wane da ya bari a buɗe. Ana tashi sai ya ce wa matarsa bari ya leƙa kawai ya dawo. Leƙen nan ba ya ƙarewa sai rana ta faɗi.

Da abin ya zo masa da zazzaɓi, da an ba shi magani. Amma a hankali ya zo, ba sallama. A da in ya sa hannu a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa yakan ji sanyinta har ransa, yana aiki yana 'yar waƙa. Waƙar ta tafi, bai ma san ranar da ta tafi ba. Yakan kwanta a gajiye, ya tashi ya fi gajiya. In ya ji sallama a ƙofa sai gabansa ya faɗi, ya ji haushin mai sallamar tun bai ga fuskarsa ba, sa'an nan ya fita da murmushi ya ce zai zo. Mutanen nan da ya fara aikin domin ƙaunarsu, in ya hango su a hanya yanzu, bangon da ba a gama ba kawai yake gani yana tahowa. In an yaba masa rumbu, sai ya dube shi ya ji kamar wani ne ya gina.

Matarsa Kande ce ta fara ganewa, don ita take kwashe kwanon tuwo yadda ta ajiye shi.

Wata rana ta ce, "Maigida, miyar ce ba ta yi ba?"

Ya ce, "Ta yi."

"To ai ba ka ci ba."

"Na ce ta yi! Sai na rantse miki?"

Kande ta kwashe kwanon. Mutumin da ta aura bai taɓa ɗaga mata murya a kan miya ba. Da ta ga ya ɗan huce, ta ce, "Ka huta gobe mana, ko yini ɗaya."

Ya ce, "In na huta, dawar mutane a ina za a zuba? A kaina?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

A ƙarshen ƙauyen akwai wata tsohuwa, gwauruwa, ana ce mata Iya Dinatu. Idonta ya yi rauni, amma harshenta lafiyarsa lau. Tana da 'yar gonar dawa wadda ita ce abincinta daga kaka zuwa kaka. Rumbunta tsoho ne, uban Magini ne ya gina shi tun tana da ƙarfin daka, a daminar nan kuma ya tsage ya kwanta. Dawarta ta riga ta fara nuna. In aka yanke ta ba inda za a zuba, gara da awaki da ɓeraye za su raba ta a tsakaninsu, tsohuwar kuwa ba ta da wata. Magini ya yi mata alkawari za ta sami rumbu kafin a sa lauje, ya ƙara nata a kan waɗanda ke hannunsa.

Ginin ya tashi har ya kai kafaɗa, wato inda bango ke fara tanƙwarawa ciki zuwa wuya, inda kuma ya fi bukatar haƙuri. Wata rana da rana ta take, Magini ya shigo gidan daga wani aikin, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Iya Dinatu ta tafi gaisuwa maƙwabta. Ya ga ragowar ƙasa a rufe da ɗanyen ganye, ya buɗe, ya haura cikin rumbun ya fara ɗorawa. Ubansa ya koya masa kafin a ɗora sai an danna bango da babban yatsa a ji ƙarfinsa. Ya daɗe da barin wannan, don ba shi da lokacin tsayawa ya danna kowane bango.

Ya kusa kewayewa sai ga tsohuwar ta dawo tana dogara sanda. Ta tsaya ta kanne ido.

"Magini, ba jiya da yamma ka ɗora ba?"

"Shekaranjiya ne, Iya."

"Jiya ne, ɗana. Ni na rufe maka ƙasar nan da hannuna."

Ya tsaya da curin ƙasa a hannu yana neman jiya a cikin kansa, ya rasa ta. Gidajen duka sun cakuɗe masa, bai san inda ya yini ba, bai san inda ya ci abinci ba, ko ma ya ci. Yana cikin wannan sai ya ji bangon ya taɓa masa gwiwa. Bai faɗi da ƙara ba. Ciki ya yi a hankali, kafaɗar ta lotsa, nauyinta ya tsaga busasshen da ke ƙasa, rumbun duka ya buɗe ya zauna. Magini ya tsinci kansa a zaune a tsakiya, laka har ƙugu.

Tsohuwar ta yi salati irin na tsofaffi, ta ce, "Ka ji ciwo?"

Bai ji ciwo ba. Abin da ya ji shi ne ya firgita shi. Da bangon ya zube, wani sanyi ne ya sauka a ransa, har ya ji a zuciyarsa yana cewa, da ma sauran duka su zube haka, in sami wuri in kwanta. Abincin shekarar gwauruwa ne ya rasa gida a gabansa, shi kuma daɗi ya ji! Ya dubi hannuwansa, ya rasa gane mutumin da ya zama. Sai ya sunkuyar da kai ya fashe da kuka, kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ubansa.

Iya Dinatu ba ta ce masa ya yi shiru ba. Ta jawo ruwa a ƙwarya ta ajiye masa, ta dama kunu, ta zauna a kan turmi tana jira. Da ya wanke jikinsa ya zo ya durƙusa a gabanta, ya faɗa mata gaskiya duka, har daɗin da ya ji bai ɓoye ba.

Ya ce, "Iya, na lalace. Ko dai zuciyata ce ta mutu, ko Allah ya juya mini baya. Ba na son aikin, ba na son mutane, gidana ma ba na son shiga."

Ta ce, "Sha kunun tukuna."

Ya sha.

Ta ce, "Zuciyar da ta mutu ba ta kuka irin wanda ka yi. Yaushe rabonka da ka yini ba ka taɓa ƙasa ba?"

Ta ɗaga sandarta ta yi nuni.

Ta ce, "Ka ga kukar can? A nan ubanka yake shimfiɗa tabarma lokacin da yake gina mini wancan da ya faɗi. Ni a lokacin jinina na tafasa, na ga ƙato a kwance, na ce masa, kai kuwa ba ka jin kunya, bango na shan iska kai ma kana sha? Ka san abin da ya ce mini? Ya ce, Dinatu, ni ma ai da ƙasa aka yi ni." Ta gyara zama. "Kai ka ba kowane bango a garin nan ranarsa, ba ka tauye wa laka hakkinta ba sai yau. Amma kai kanka, tun rasuwar ubanka kake ɗora ɗanye a kan ɗanye. Tun bara nake jin muryarka ta yi ciki, ina jiran ranar da za ka zube. Na gode Allah da rumbun ya riga ka."

Magini ya dubi gindin kukar. Shekara da shekaru yana ɗaukar kwanciyar ubansa lalaci ce, ashe mutumin ya san abin da yake yi. Abin mamaki, maimakon maganar ta ƙara masa nauyi, sai ya ji ta rage. Ashe ba mugu ya zama ba, ba a kuma yashe shi ba. Gajiya ce, gajiya kuwa tana da magani.

Ya miƙe ya ce, "Iya, gobe da asuba zan fara sabo. In na haɗa da dare..."

Ta buga sandarta a ƙasa. "Zauna! Ka zubar mini da ɗaya, kana so ka zubar da na biyu? In za ka gina mini, ga sharaɗina. Nawa kaɗai za ka riƙe har ka gama. Ranar shan iska kuma a gindin kukar nan za ka yini, inda zan riƙa jin numfashinka. In ba ka yarda ba, ka bar mini dawata, gara ta ci da sanina."

"Iya, mutane fa? Na yi musu alkawari."

"Je ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. Baki gare ka."

Wannan ita ce tafiya mafi wuya da ya taɓa yi a ƙauyen da aka haife shi. Ya ɗauka za a zage shi, a ce ya yi girman kai. Gidan farko da ya shiga na wani maƙeri ne mai suna Habila. Ya tsaya yana murza hula, ya ce ba zai iya gama rumbunsa bana ba, ƙarfinsa ya ƙare.

Habila ya ajiye guduma ya dube shi. Ya ce, "Sai yau ka sani? Mu mun daɗe da gani. Ran nan na gaishe ka sau biyu, ka dube ni kamar ba ka san ni ba. Je ka huta, Magini. Surukina na hayin rafi yana taɓa gini, zai ƙarasa mini. Ba zai yi kyan naka ba, amma dawa ba ta san kyau ba."

Wani ya ce zai kafa na kara da zana ya lallaɓa bana. Wata ta ce za ta zuba tata a rumbun ɗan'uwanta. Wani kuwa ya yi fushi da gaske, ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo, ya ce ba zai sake kiransa aiki ba, bai kuwa sake ba. Magini ya ba shi haƙuri ya fito. Da ya kai bakin hanya ya ga mata na dawowa daga rijiya, kaji na tono, garin yana nan yadda yake. Ya ja numfashi har ƙasan cikinsa, abin da ya daɗe bai yi ba.

Da ya koma gida ya faɗa wa Kande, ya kuma roƙi gafararta a kan miya da sauran abin da ya fi miya. Ta juya baya tana gyara wutar murhu wadda ba ta bukatar gyara, ta ce, "Na ɗauka sai an ɗauko ka ranga-ranga an kawo mini tukuna za ka ji."

Aka share wurin, aka sake jera duwatsu, ya ɗora zagayen farko. Washegari ya zo gindin kuka kamar yadda aka yi sharaɗi. Kada ku ɗauka ya ji daɗin ranar. Wanda ya saba gudu, zama azaba ne gare shi da farko. Ya kwanta ya tashi, ya zauna ya miƙe. Ya hango dangar tsohuwar ta karkace, ya lallaɓa ya fara gyarawa.

Daga cikin ɗaki ta ce, "Idona ne ba ya gani, kunnena yana nan. Saki dangar nan."

"Iya, ai ba aiki ba ne, ɗan ɗauri ne kawai."

"Ta shekara a karkace ba ta kashe kowa ba. Koma tabarmarka."

Ya koma yana gunaguni kamar wanda aka yi wa hukunci. Ranar shan iska ta biyu ma haka. A ta gaba ne barci ya ɗauke shi tun hantsi, bai farka ba sai da inuwa ta juya ta bar shi a rana. Ya tashi jikinsa duka yana ciwo, kamar gajiyar shekaru ce ta sami ƙofa take fita. Tsohuwar ta turo masa ɗumamen tuwo. Ya ci, ya ji ɗanɗanon daddawa a miyar, ya suɗe kwanon ya nemi ƙari.

Warkewar ba ta zo a yini ɗaya ba. Akwai safiyar da ya tashi nauyin nan yana kan ƙirjinsa kamar bai taɓa tafiya ba. Akwai ranar da wani ya yi sallama ya ce a taimaka, bakinsa ya riga shi cewa ba komai, sai da ya bi mutumin har hanya ya janye maganar. Amma kaɗan-kaɗan abubuwa suka riƙa dawowa. Ya fara jin abin da Kande take faɗa in tana ba shi labari. Ran Lahadi ya zauna a sujada har aka tashi, ya tsaya gaisawa da mutane, ya bi matarsa gida. Ya koma danna bango da babban yatsa kafin ya ɗora, yana yi yana jin hannunsa ya san abin da yake taɓawa.

Sai dai dawa ba ta jira shi ba. Ta bushe, aka yanke ta, rumbun kuwa bai kai wuya ba. A nan ne zuciyarsa ta so ta koma gidan jiya. Ya dubi dammunan, ya dubi bangon da ke shan iska, hannunsa har ƙaiƙayi yake. Ya ce, "Iya, in na ɗora yau da gobe a jere..." Ta ce a'a. Sai ga Habila da wasu maƙwabta sun zo da itace, suka kafa rumfa mai tsayi, suka zuba toka a gindin ƙafafunta saboda gara, suka jibge dawar a kai suka rufe da zana. Magini yana zaune a tabarma yana kallon waɗansu suna yin aikin da ba shi ya yi ba, aikin kuma yana yiwuwa. Tsuntsaye sun ɗan taɓa, wata akuya mai taurin kai ta ja dami ɗaya, iyakar hasarar ke nan.

Da rumbun ya kammala ya bushe, aka ɗora masa jinka, aka zuba dawar duka ta shiga. Iya Dinatu ta zagaya shi tana shafawa da tafin hannu, ta ƙwanƙwasa shi da sandarta ta saurara. Ta ce, "To, bana zan ci tuwo." Magini ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ji kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka. Tun daga wannan shekara bai sake riƙe rumbu fiye da ƙarfinsa ba, ya kuma koya wa waɗansu mutum biyu sana'ar, don kada ƙauye guda ya rataya a wuyan mutum ɗaya.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: maginin nan ni ne, ku ne. Rumbunan su ne ayyukan da ke hannunmu, na gona da na kasuwa, na ofis da na asibiti, na renon yara da jinyar tsofaffi, har da na ikilisiya. Ranar shan iska kuwa ita ce hutun da Mahaliccinmu ya sa a cikin ginin mutum tun farko. Shi ya yi mu da ƙasa, ya kuwa san abin da ƙasa take iya ɗauka. Mu ne muka ga kamar ya bar gurbi a banza, muka cika shi da wayonmu.

Ku lura, ba mugun aiki ne ya zubar da mutumin nan ba. Kowane rumbu da ya karɓa abin kirki ne, kowane mai roƙo kuma da gaske yake bukata. Shi ya sa wannan gajiya take kama masu kirki fiye da malalata, shi ya sa kuma take da wuyar ganewa, don tana zuwa da yabo a bayanta. Akwai mace a cikinmu wadda take zumuntar mata, take ƙungiyar mawaƙa, take sharar masujada, ita ce kuma mai dafa abincin kowane biki da kowace jana'iza, mu kuwa sai mu ce ai wance ba ta gajiya. Tana gajiya. Mu ne ba mu tambaya ba, don gajiyarta tana yi mana amfani.

In ka ga aikin da kake ƙauna ya zama ba ka jin komai a kansa, barci ba ya wartsake ka, kana jin haushin mutanen da kake yi wa hidima, kana huce shi a kan na gida waɗanda ba su yi maka laifi ba, har wani lokaci kana fatan abin duka ya rushe ka huta, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa bangaskiyarka ce ta mutu. Bangonka ne ya yi ciki. Ka nemi wanda za ka faɗa wa gaskiya duka, kamar yadda maginin ya faɗa wa tsohuwar. Ka rage abin da ke hannunka, ko da wani zai yi fushi, gama wani zai yi, ba kuwa za ka mutu ba. Ka bar waɗansu su kafa rumfar, ko da ba za ta yi kyan taka ba. In nauyin ya daɗe bai ɗaga ba, ka je asibiti a duba ka, wannan ba rashin dogara ga Allah ba ne. Kada kuma ka yi mamaki in hutun ya yi maka ɗaci da farko, ka daure masa yadda ka daure wa aiki.

Ku kuma da Allah ya ba ku idon gani, kada ku jira sai bango ya zube kafin ku yi magana. Habila ya ce sun daɗe da gani, amma bai buɗe baki ba sai da aka zo har maƙerarsa. Ku zama masu buga sanda a ƙasa ku ce wa ɗan'uwa, zauna.

Na san akwai waɗanda suke zaune a nan jikinsu kawai, tun ɗazu suna lissafin inda za su leƙa in an tashi. Yau kada ku leƙa. Ku tafi gida, ku ci abinci a zaune, ku shimfiɗa tabarma ku kwanta. Duniya tana hannun Ubangiji tun kafin a haife ku, ba kuwa zai sake ta ba don kun rufe ido.